Numfashin Babbar Mota

Kowannenmu ya taɓa ganin babbar mota tana hawan tudu da kaya, tana gurnani, baƙin hayaƙi yana tuƙaƙowa daga salansarta. Waɗansu sukan ce alamar ƙarfi ce. Ba haka ba ne. Baƙin hayaƙin nan mai ne wanda bai ƙone sarai ba, watau kuɗin mai motar ne ke bin iska. A wannan darasi za mu duba dalilinsa, mu kuma ga abin da akan gyara ko a sake domin inji ya sami isasshiyar iska.

Yadda inji ke cin iska

Mu fara da abin da muka sani. In maƙeri ya zuba gawayi bai zuga ba, wutarsa ba za ta gasa ƙarfe ba. Ko ya ƙara gawayi, sai dai hayaƙi ya ƙaru. Injin dizal ma haka yake.

Wani Bajamushe, Rudolf Diesel, shi ya ƙago wannan inji, ya kuwa yi aiki sosai a 1897. Ba shi da fulogi irin na injin fetur. Fistan ne ke matse iska a cikin silinda, har ta yi zafi fiye da digiri 500. Sa'an nan nozul ya fesa mai, nan take ya kama da wuta. Kafin lita ɗaya ta mai ta ƙone sarai, tana bukatar iska wajen lita 10,000. Wannan cikin duro 50 ke nan. In iskar ta kasa, mai ya ƙone rabi da rabi, sauran ya fita baƙi.

Iska tana shiga ta matata, ta bi bututu zuwa cikin inji. In ta ƙone, sai ta fita ta salansa. Duk inda hanyar nan ta toshe, inji ya shaƙe.

Mene ne turbo?

Turbo zuga-zugin inji ne. Fanka biyu ce a kan sanda guda. Hayaƙi mai zafi da ke fitowa daga inji shi ke juya fanka ta farko. Ta biyu kuwa ta jawo iska daga waje, ta danna ta cikin silinda. Ga shi, hayaƙin da a da ake zubarwa a banza ya zama mai zuga. Fankar nan takan juya fiye da sau 100,000 a minti ɗaya.

Wani injiniya na ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar wannan dabara a 1905. A 1938 wani kamfani na ƙasar, Saurer, ya sa ta a injin babbar mota. Ga misalin amfaninta. Injin Mercedes mai lamba OM 352, wanda ba shi da turbo, ƙarfinsa na doki 130 ne ko kusa da haka. Ɗan'uwansa OM 352 A, mai turbo, yakan kai na doki 168, alhali girmansu ɗaya.

A kan tudu ma turbo yana da rana. Iskar bisa ba ta kai ta ƙasa kauri ba. Jos tana bisa da wajen mita 1,200, saboda haka injin da ba shi da turbo yakan rasa kamar kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa a can. Mai turbo kuwa ba ya rasa da yawa.

Daga ina za a fara gyara?

Kada mu yi gaggawar sayen sabon ƙarfe. Mu bi hanyar iska daki-daki, mu fara da mai araha.

Na farko, matatar iska. Da hunturu ƙura takan toshe ta da wuri. A duba ta kullum, in ta cika a sake. Kada a huda ta, kada kuma a yi tafiya ba ita, domin ƙura tana cin bakin fankar turbo, tana kuma goge cikin silinda kamar sanfefa.

Na biyu, bututun roba da maɗauransu. Tsaga ƙarama ta isa ta zubar da iskar da turbo ya tara. In direba ya ji fito sa'ad da ya taka totur, a nemi inda iska ke tsira.

Na uku, salansa. Bututun da ya lotse, ko wanda mai walda ya yi wa lanƙwasa mai kaifi, ko tukunyar salansa da ta ruɓe daga ciki, duk suna tare hayaƙi. In hayaƙi bai fita da sauƙi ba, turbo ba ya juyawa da kyau, zafi kuma ya taru. Maganinsa bututu mai santsin ciki, mai lanƙwasa kaɗan, mai faɗin da ya dace da injin. Mu yi ɗan lissafi. Ana gwada bututu biyu da ninka faɗin kowanne da kansa. Mai inci 3: 3 sau 3, 9. Mai inci 4: 4 sau 4, 16. Ashe ƙarin inci ɗaya ya kusa ninka ƙofar hayaƙi biyu. Amma in bututun ya riga ya ishi injin, ƙara masa faɗi asarar kuɗi ce.

Na huɗu, lagireton iska. Iskar da turbo ya matse takan yi zafi, har ta wuce digiri 150 in mota tana jan kaya. Iska mai zafi kuwa ba ta da kauri. Saboda haka akan bi da ita ta wani lagireto a gaban mota domin ta huce kafin ta shiga inji. A riƙa wanke shi, a kuma duba ko yana yoyo.

Sai an gama waɗannan duka kana a yi zancen sake turbo.

Babba ba shi ne gwani ba

Mutane da yawa sukan ɗauka in an sa turbo babba, ƙarfi zai ƙaru. Ku lura, fanka babba tana da nauyi, sai hayaƙi mai yawa ke juya ta. Mota za ta yi nawa wajen tashi, ta yi hayaƙi, sai inji ya ɗau gudu sa'an nan ƙarfi ya zo. Turbo ƙarami ainun kuma yakan shaƙe inji in ana gudu. Kowane turbo yana da lamba a jikinsa. A karanta lambar, a nemi wanda aka yi domin wannan inji. Haka kuma ba a ɗora turbo a kan injin da ba a ƙera shi domin haka ba sai gwanin makanike ya duba, gama matsi da zafi za su ƙaru a kan fistan da gasket.

Akwai kuma masu buɗe famfon mai domin mota ta ƙara ja. Ƙarin mai ba tare da ƙarin iska ba yana kawo zafi mai tsanani, har kan fistan ya narke. Garin neman ƙiba an samo rama. Mai hankali yakan sa agogon auna zafin hayaƙi. In ya ga allura ta doshi digiri 700, sai ya sassauta totur, ya sauko da giya.

Motocin zamani da ake kawowa daga Turai suna da wata tukunya a salansa wadda ke tace kunkunniya. In ta cika, wanke ta ake yi. Cire ta laifi ne a dokar ƙasashen Turai da Amurka, da dalili kuwa. A 2012 masu binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya sun tabbatar cewa hayaƙin dizal yana kawo ciwon dajin huhu. Direba da yaron mota da masu talla a tasha su ne farkon masu shaƙarsa.

Kula da turbo

Sandar turbo a kan man inji take yawo. A sake mai da matatarsa a kan lokaci. In an ta da mota da safe, kada a taka totur sai mai ya zagaya. In an dawo daga doguwar tafiya, a bar inji ya yi aiki a hankali minti biyu ko uku kafin a kashe, don kada mai ya ƙone a jikin sandar. Kada kowa ya kai hannu ko tsumma bakin turbo inji yana aiki.

Tambayoyi

1. Me baƙin hayaƙi ke nunawa?
2. Mene ne ke juya turbo?
3. Faɗi abubuwa huɗu da za a duba kafin a sake turbo.
4. Ku gwada bututu mai inci 4 da mai inci 5 kamar yadda muka yi a sama.
5. Don me ba a kashe inji nan take bayan doguwar tafiya?