Kogon Jiki: Neman Sunan Hausa ga Kalmar "Silom"

1.0 Gabatarwa

Ɗaya daga cikin matsalolin da ɗalibin fassara kan ci karo da su shi ne kalmar kimiyya wadda abin da take nufi sananne ne ga Bahaushe, amma ba shi da suna tsayayye. Wannan maƙala za ta duba kalmar "silom" ta ilimin halittu, sannan ta kawo shawarar sunan da ya dace da ita.

2.0 Mene ne Silom?

Asalin kalmar daga Girkanci ne, inda take nufin rami ko kogo. Masanin nan na Jamus Ernst Haeckel ya yi amfani da ita a shekarun 1870, sannan a 1881 'yan'uwa biyu, Oscar da Richard Hertwig, suka wallafa nazari a kanta. Silom fili ne mai ruwa da ke tsakanin hanji da bangon jiki, wanda tantani ya lulluɓe. Duk wanda ya ga mahauci ya farke rago ya san shi: hanji da tumbi kan sulɓo waje domin ba a manne suke da bangon ciki ba.

Tun dabba tana ɗan tayi ake samun shimfiɗu uku na ƙwayoyin halitta: ta waje, ta tsakiya da ta ciki. Daga ta tsakiyar wannan fili ke samuwa. A jikin ɗan'adam yakan fara bayyana wajen ƙarshen mako na 3, daga baya ya rabu zuwa na ciki, na huhu da na zuciya.

3.0 Rabe-raben Dabbobi

(i) Marasa silom, kamar tsila da tsutsar da ke jawo tsargiya.

(ii) Masu silom na jabu, wato filin yana nan amma tantani bai lulluɓe shi duka ba, kamar kurkunu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da shi a 2013.

(iii) Masu silom na ainihi, kamar kifi, rago, mutum da tana.

Tanar da ake gani da damina a bakin Kogin Iku da ke Suleja misali ce mai kyau. Ba ta da ƙashi. Idan tsokarta ta matse ruwan da ke jikinta sai ta miƙe, idan wata tsokar ta ja sai ta takure. Ruwan ne ya zame mata ƙashi.

4.0 Matsalar Suna

Mai fassara zai yi saurin cewa "ciki". To amma "ciki" na nufin tumbi, yana nufin juna biyu. A ce majinyaci mai ciwon hanta ne ruwa ya taru masa a wannan fili, aka ce masa "ruwa ne a cikinka", zai iya ɗauka ruwan da ya sha ne, ya ƙi komawa asibiti. "Rami" kuma ya fi tafiya da ƙasa. "Kogo" shi ya fi kusa, domin Bahaushe ya san kogon itace: fili ne da jiki ya kewaye.

5.0 Kammalawa

Don haka ana ba da shawarar "kogon jiki" a matsayin babban suna, daga nan a sami kogon ciki, kogon huhu da kogon zuciya. Ya rage ga 'yan'uwa ɗalibai su gwada waɗannan sunaye a wajen mahauta da ma'aikatan jinya, su ji ko za su karɓu.