Yadda Za Ka Raba Muryarka da Ƙugin Wuta

Ka ɗauki waƙa ko karatu a ɗakinka a cikin Birni, sai ka ji "huuum" a ƙarƙashin muryarka? Wutar Najeriya tana kaɗawa sau 50 a sakan ɗaya, wannan kaɗawar ce ke shiga makirfo.

1. Cire caja, ka ɗauka da batir. Idan ƙugin ya ɗauke, cajar ce.
2. Kashe fanka, ka matsa nesa da firji da sitabilaiza.
3. Kada wayar makirfo ta kwanta kan wayar wuta.
4. Idan ka riga ka ɗauka, buɗe Audacity a kwamfuta, ka sa Notch Filter a 50, sannan 100 da 150.

Hattara: kada ka karya ƙafa ta uku ta fulogi saboda ƙugi. Ita ke kare ka daga jan wuta.