Darasin Lafiya: Tsakuwa a Cikin Hanji Ba Jifa Ba Ce

'Yan'uwa, idan aka ji an yi wa mutum aiki an ciro tsakuwa daga cikinsa, maganar da mukan fara ji a ƙauyukanmu ita ce, "An yi masa jifa." Bari mu duba yadda tsakuwa kan samu a ciki ba da hannun kowa ba.

Tun jariri yana ɗan tayi, akwai wata 'yar hanya da ta haɗa hanjinsa da cibiya. Takan ɓace kafin ciki ya cika wata uku. Amma a wajen mutum 2 cikin 100 ba ta ɓacewa duka, sai ta bar ɗan aljihu a jikin ƙaramin hanji, mai tsawon kamar inci 2. Likitoci suna kiransa aljihun Mekel, sunan wani masani ɗan Jamus da ya yi bayaninsa a 1809.

Yawancin masu shi sukan tsufa ba su ma sani ba. Amma wani lokaci abinci yakan kwanta a aljihun, gishirin jiki ya yi ta taruwa a kansa har ya daskare ya zama tsakuwa. Ba kasafai hakan ke faruwa ba. In ya faru kuwa, aljihun yakan kumbura, ya yi ciwo irin na afendis, ko tsakuwar ta faɗo ta toshe hanji. Sai murɗar ciki, da amai, wani lokaci kore, ciki ya kumbura, ba bayan gida, ko tusa ba ta fita.

Nan ne mukan yi kuskure. Mukan ba da kanwa ko maganin wankin ciki, mu jira kwana biyu. Hanjin da ya toshe yana iya ruɓewa ko ya ɓule, rai kuma ya salwanta. Kada a ba shi abinci ko jiƙo, a nemi mota a kai shi asibitin da ke da ɗakin tiyata, ko da dare ne.

Babu maganin sha da ke narkar da wannan tsakuwa. A asibiti za a yi masa ƙarin ruwa, a ɗauki hoton ciki, a sa shi barci. Likita zai yanke aljihun tare da tsakuwar ya ɗinke wurin. Idan gindin aljihun yana da faɗi, ko hanjin ya lalace, sai ya yanke ɗan guntun hanjin ya haɗa bakin biyu. Aljihun ba ya sake fitowa. Bayan sallama, a bar noma da ɗaukar kaya masu nauyi har sai likita ya yarda.