Darasi: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Babu wani a cikinmu da zai ce ba za a taɓa kiransa ya tsaya gaban jama'a ba. Yau katekis ne zai koyar da masu shirin baftisma, gobe shugabar Zumuntar Mata za ta yi jawabi a bikin godiya na kaka, jibi kuma wani dattijo ne za a ce ya yi magana a wurin jana'iza. Sau da yawa mukan ga mutum ya tashi da labari mai daɗi a bakinsa, sai ya fara daga tsakiya, ya komo baya, ya manta inda ya dosa, har manya su soma hamma, yara kuma su fice waje. Abin da ya zo faɗa ya salwanta ke nan, saboda bai shirya ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Darasinmu na wannan wata a kan haka yake.

Kukan wani dikon

Wannan damuwa daɗaɗɗiya ce. Wajen shekara ta 400, wani dikon mai suna Diyogaratiyas, wanda yake koyar da sababbin masu bi a birnin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yanzu, ya rubuta wa Waliyyi Agustin, Bishop na Hippo, yana neman shawara. Ya ce bai san inda ya kamata ya fara labarin ceto ba, ko inda zai tsaya, kuma idan maganar ta yi tsawo shi kansa takan gundure shi. Agustin, wanda aka haifa a shekara ta 354 ya kuma rasu a 430, ya koyar da fasahar iya magana a Kartaj da Roma da Milan kafin ya tuba. Duk da haka ya amsa wa dikon cewa shi ma da wuya jawabinsa ya gamsar da shi. Sa'an nan ya rubuta masa ɗan littafi a kan koyar da sababbin shiga, har ya haɗa masa da misalin jawabi iri biyu, dogo da gajere, domin ya zaɓa gwargwadon lokaci da irin mutanen da ke gabansa.

Zaɓen labari

Shawarar Agustin ta fari ita ce kada mai magana ya ce sai ya kwashe kome da kome. Ya zaɓi manyan al'amura kaɗan, ya dakata a kansu ya warware su sosai, sauran kuwa ya ratsa su a taƙaice. Saboda haka, kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, ka tambayi kanka: mene ne abu guda da nake so mutane su koma gida da shi? In ka samu amsa, sai ka nemi labari ɗaya da zai ɗauke ta.

Ka kuma yi la'akari da masu sauraronka. A Littafin Sama'ila na Biyu, sura ta 12, Annabi Natan ya je ya tsauta wa Sarki Dauda a kan abin da ya yi wa Uriya. Ya ba shi labarin wani matalauci mai 'yar tunkiya guda, wadda maƙwabcinsa mawadaci ya ƙwace ya yanka wa baƙonsa. Dauda makiyayi ne tun yana yaro, ya san darajar tunkiya a wurin mai ita, shi ya sa ya husata ya yanke hukunci. Sai bayan haka Natan ya bayyana masa cewa kansa ya hukunta. Da annabin ya faɗi ƙarshen tun da fari, da labarin bai yi aikinsa ba.

Tsara magana

Ka raba labarinka kashi uku: wane ne mutumin da halin da yake ciki, wace wahala ce ta same shi, da kuma yadda ta ƙare. Ka rubuta waɗannan a 'yar takarda da kalmomi kaɗan da za su tuna maka. Jimlar farko da ta ƙarshe su kaɗai za ka haddace. Idan labarin na wani ne da ke raye, ka nemi izininsa, ko ka sakaya sunansa da garinsu. Magana zarar bunu ce, asirin da ka tona a gaban taro ba ya komawa. Kada kuma ka ƙara wa labari gishiri ka ce gaskiya ne.

Gwaji

Karanta takarda a zuci ba ya isa. Ya kamata ka gwada aƙalla sau uku:

1. Kai kaɗai, a tsaye, da murya a sarari, agogo na gabanka. In an ba ka minti goma, ka shirya na takwas.

2. A gaban mutum ɗaya ko biyu na gida. Bayan ka gama, ka ce su maimaita maka abin da suka ji. Duk inda suka ruɗe, nan ne gyara yake.

3. A wurin da za ka yi maganar, in da hali, domin ka san yadda muryarka take kaiwa bencin baya, da lasifika ko babu. In za a yi maka tafinta, ku gwada tare, ka riƙa gajarta jimlolinka.

Ranar jawabi

Wanda ya shirya shi ne yake da damar ɗaga kai ya dubi fuskokin mutane. Agustin ya ce in ka ga mai sauraro ya gaji, ka farfaɗo da shi da wata 'yar magana mai daɗi, ko ka ba shi wurin zama, ko ka taƙaita. Ya kuma ce idan maimaita tsohon labari ya gundure ka, ka tuna yadda garin da ka saba da shi yakan zama sabo a idonka sa'ad da kake zagayawa da baƙo. A wani littafinsa ya gargaɗi mai wa'azi ya fara yin addu'a domin kansa da masu jinsa kafin ya buɗe baki. Mutane sun bar aikinsu sun zo su saurare ka, shirin da ka yi kuwa shi ne girmamawar da ka ba su.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane jawabi ne ka taɓa ji wanda har yau kake tuna labarinsa? Me ya sa?

2. Me ya sa labarin tunkiya ya dace da Dauda?

3. A taronku na gaba, kowa ya shirya labari na minti uku ya bayar, sauran su gyara masa cikin ƙauna.

Ubangiji ya ba mu harshe mai gina 'yan'uwa. Amin.