Ƙarin Fitila a Tsohuwar Fijo da Batun Lamba

Wani mai sauraronmu daga Kanya Babba, ƙaramar hukumar Babura, ya ce ya sayo tsohuwar Fijo 504 mai lambar Katsina. Yana son ƙara mata fitilu don tafiyar dare, kuma yana tambaya ko dole ne ya sauya lamba.

To Malam, Allah ya sanya alheri. Motar nan, wadda kamfanin Peugeot na Kaduna ya daɗe yana harhaɗawa a da, tana da ƙwari, amma wayoyinta sun tsufa. Kada mai wayarin ya jona sababbin fitilun kai tsaye da makunnin asali. Waya za ta ɗau zafi, har ta iya kama wuta. Ya ja musu waya daga batir, da fis nasu daban, ya haɗa su yadda za su mutu da zarar ka koma dim. A saita su ƙasa-ƙasa. Hanyar Babura zuwa Kazaure cike take da masu babur da amalanke, kuma wanda ka kashe wa ido ransa ka sa a haɗari. Jar fitila ko shuɗiya mai walƙiya ta jami'ai ce, ka kiyaye ta. Jami'an FRSC da VIO na iya tare ka kan haske mai kashe ido.

Lamba kuwa, ta kowace jiha tana aiki a duk Najeriya. Sai dai ya wajaba ka sauya sunan mai mota: ka kai takardar ciniki da takardun motar ofishin lasisi, ka sabunta inshora da takardar lafiyar mota. In za ka tsallaka Nijar, ka nemi inshorar da ke aiki a can.