Hayaƙin wutar daji da mai fuka

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kaka ta wuce, ciyawa ta bushe. Lokacin wutar daji ke nan. Kowa ya san ɓarnarta ga abincin bisashe. Yau mu duba ɓarnarta ga ƙirjin mutum.

Cikin hayaƙi akwai ƙura ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinta. Hanci ba ya tare ta, sai ta wuce har cikin huhu. Mai lafiya ya yi tari ya huta. Mai fuka kuwa, hanyoyin iskarsa su kumbura, su matse, majina ta cika su. Sai ka ji ƙirjinsa yana fito, musamman da dare. Iska tana kai hayaƙi nesa: wuta a daji, ciwo a gari.

In an yi gangami don kashe wuta, kada a kira mai fuka. Ba ragwanci ba ne. Ya shiga ɗaki, a rufe ƙofa da taga, kada a hura wuta ciki. Rawani bisa hanci ba ya tsare wannan ƙura. Maganin shaƙa da lokotoro ya ba shi, kamar Ventoline, ya zauna kusa da hannunsa.

In ya shaƙa bai samu sauƙi ba, ko magana ta gagare shi, a kai shi likita nan take, ko da tsakar dare ne.