Kulob ɗin Kowa da Kowa: Yadda Za Ka Buɗe Dandalin Nishaɗi da Masu Buƙata ta Musamman

Ƙanena, yau bayan la'asar ka tsaya bakin hanya a Kamarawa ka zuba ido. Samari sun nufi filin ƙwallo. Dattawa sun baje tabarma a inuwa suna dara. 'Yan mata na shirin gaɗa. To, ina yaron nan da shan-inna ta shanye wa ƙafa? Ina budurwar nan kurma ta gidan maƙwabta? Ina magidancin da harsashi ya raba da hannunsa? Suna zaure ko ƙuryar ɗaki, suna jin shewar mutane daga nesa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin kowane shida yana rayuwa da wata naƙasa. Mu a ƙasar Gobir muna da ƙari. Sai a 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna, kuma rashin tsaron shekarun nan ya bar mutane da yawa a Isa da Sabon Birni da raunin da ba ya warkewa. Abinci da magani dole ne, amma zaman kaɗaici ma ciwo ne. Maganinsa wurin zuwa, da abokan hira, da abin dariya. Ga yadda za ka samar da su ba tare da jiran kowa ba.

1. Gobe da safe ka taka zuwa gida uku

An ce zumunci a ƙafa yake. Wanda ƙafarsa ba ta kawo shi, taka ta kai ka wurinsa. Zaɓi gida uku da ka san akwai mai lalura, ka yi sallama, ka gaida iyaye. Sannan ka juya ka yi magana da shi kansa, kada ka tambayi uwarsa abin da yake so alhali yana zaune.

Tambaya uku sun isa: me kake sha'awa, me ke hana ka fita, wane lokaci ya fi maka. Rubuta amsar a littafi. Kada ka manta da 'yan gudun hijirar da suka baro ƙauyukansu suka sauka cikin gari. Su ne suka fi kowa rashin abokin hira.

2. Ba masu lalurar jagoranci tun ranar farko

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafa kwamiti na mutum biyar, uku daga ciki masu buƙata ta musamman, kuma a samu mace ko da ɗaya. Shugaba ya fito daga cikinsu. Kai ka riƙe aikin zirga-zirga.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun kaka da kakanni ƙasar Hausa na da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, masu jama'a da faɗa-a-ji. In akwai su a yankinku, fara kai musu gaisuwa. Da ɗan gari akan ci gari.

3. Nemi albarkar manya

Je wurin mai unguwa, ya kai ka ga hakimi. Je wurin liman. Faɗa musu a taƙaice: wuri muke so, sau ɗaya a mako, yara da manya su haɗu su yi wasa da hira. Roƙi liman ya sanar bayan sallar Juma'a.

In wani ya yi gardama, tuna masa da Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya yi ladanci a masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har aka riƙa bar masa riƙon Madina in an fita. Tuna masa da Malam Aliyu Namangi na Zariya, makahon da ya tsara Imfiraji, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa.

4. Zaɓi wuri da idon mai keke

Ajin firamare bayan an tashi, harabar islamiyya, ko rumfa a tsakiyar gari, duk sun yi. Kafin ka ce to, ɗauki mai keken guragu da makaho ku je tare. Abin da za su gano cikin minti biyar, kai ba za ka gani ba cikin wata guda.

Rairayi maƙiyin keke ne. A zuba marmara a daɓe hanyar shiga. Inda akwai dakali, a yi gangara mai sauƙi: kowane tsayin santimita 1 yana son tsawon santimita 12. Dakali mai santimita 15 ke nan yana buƙatar gangara mai santimita 180. Ƙofa ta kai faɗin santimita 90.

Duba makewayi da kyau. Shi ke hana mutane da yawa fita, musamman mata, amma kunya ba ta barin su faɗa. A share shi tas, a sa kujera mai huji a kan masai, a kafa itacen dafawa. A ɗaura igiya daga rumfa zuwa ƙofarsa don makaho ya bi da kansa.

5. Tsayar da rana ɗaya, kada ta motsa

Rana ɗaya a mako, awa biyu, bayan la'asar, a watse kafin magariba. Kauce wa ranar kasuwar garinku da ta Shinkafi. Da damina a rage lokaci saboda aikin gona. Da bazara a nemi inuwa mai kauri da randar ruwa, a ajiye wa zabiya wurin da rana ba ta taɓawa.

Kada ka rataya komai a kan waya. Ka tuna 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Isa da Sabon Birni. In kowa ya san ranar da lokacin, ko babu sabis za a haɗu.

6. Fara da wasannin da kowa ya iya

Dara ce ta farko. Gurbi 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12. Ɗaya ya riƙe tsinke, ɗaya ya riƙe tsakuwa, sai makaho ya shafa ya gane nasa. Kurma kuwa ba ya buƙatar ko kalma ɗaya kafin ya cinye ka. Ƙara da lido, da carafke, da kacici-kacici, da gasar karin magana, da tatsuniya. Wata rana a kira dattijo ya ba da labarin Alƙalawa da Bawa Jangwarzo.

Ga doka ɗaya da ba a karyawa: kowace tawaga a gauraya ta. Kada a ware masu lalura gefe guda sauran jama'a na kallo suna "Allah sarki". Ranar da aka yi haka, kulob ya koma wurin kallo.

7. Shigo da wasan motsa jiki a mako na huɗu

Ƙwallon guragu namu ne na gida. Misbahu Lawan Didi, ɗan Kano da shan-inna ta taɓa, shi ya ƙirƙiro shi a 1988. Ana zama kan katako mai ƙananan tayoyi, a buga ƙwallo da hannu. Kafinta da mai walda na garinku za su iya haɗa katakon. Yana son daɓen siminti mai santsi, kuma a sa silifa ko safar hannu don kare tafi.

Ga makafi akwai ƙwallon ƙararrawa, wanda aka fara a Turai a 1946 don sojojin da suka makance a yaƙin duniya na biyu. Mutum uku-uku ne, ana gangara ƙwallo a ƙasa, abokan karawa su tare da jiki. Ba ka da ƙwallo mai ƙararrawa? Sa ƙwallon roba cikin leda mai ƙara ka ɗaure. Shata fili da igiya don a ji iyaka da hannu. Kowa ya ɗaure ido da ƙyalle, mai gani da marar gani, 'yan kallo su yi tsit. Nan za ka ga gwanin unguwa ya zama ɗan koyo.

Akwai kuma ƙwallon raga na zaune. Ɗaura igiya a tsayin da ya ɗan haura mita ɗaya, kowa ya zauna a ƙasa, mai ƙafa da marar ƙafa. In yara sun ce wasan banza ne, gaya musu a gasar naƙasassu ta duniya da aka yi a birnin Paris a 2024 Najeriya ta ciyo lambobi bakwai, biyu na zinare.

8. Koyi maganar hannu, alama biyar a mako

Kurame a ƙasar Hausa suna da harshensu, sunansa maganar hannu. Naɗa kurma ɗaya malami. Minti goma na farkon kowane zama nasa ne: gaisuwa, suna, ruwa, zo, na gode. Bayan wata uku za ka ga yara suna gulma da hannu a bakin kasuwa.

In akwai wanda ya yi karatu a makarantar A. A. Raji ta masu buƙata ta musamman da ke Sakkwato, jawo shi jiki. Zai taimaka da alamun makaranta, ko da rubutun makafi.

9. Gyara baki da hali

Kira mutum da sunansa. "Kai gurgu" ba suna ba ne. In za ka yi wa makaho magana, faɗi ko kai wane ne, in za ka tashi ka sanar da shi. Kada ka ja shi da sanda, miƙa masa hannu ya kama. Kada ka tura keken kowa sai ka tambaya. Mai jinkirin fahimta kuwa, yi masa bayani gajere, ka nuna a aikace, ka ba shi lokaci.

Barkwanci halal ne, ai Bagobiri da Bayarabe sun san daɗinsa. A tsokani mutum kan kulob ɗin Turai da yake goyon baya, ko kan darar da aka cinye shi. Jikinsa ba abin wasa ba ne. Haka kuma kada a ɗauki hoton kowa a sa a Facebook ko WhatsApp sai da yardarsa.

10. Ke kuma ƙanwata, buɗe ɓangaren mata

Yarinya mai lalura ta fi saurin a kulle ta a gida. Nemi tsakar gidan wata dattijuwa da ake ganin girmanta, iyaye za su fi sakin jiki. Ku yi zamanku da hantsi, bayan an gama aikin safe. Lalle, kitso, saƙa, ɗinkin hula, gaɗa, duk a haɗa.

Ki je ki ɗauko ta da kanki a karon farko, ki maido ta har ɗakin uwarta. Kada a bar yarinya ita kaɗai da namijin da ba muharraminta ba, ko da sunan taimako. Ware mace ɗaya mai riƙe sirri wadda za a kai wa ƙara in wani abu ya faru.

11. Shirya wa ranar tsoro tun kafin ta zo

Mun san halin da yankinmu ke ciki. Kurma ba zai ji harbi ba, makaho ba zai ga inda aka nufa ba, mai keke ba zai tsallake katanga ba. Don haka kowane ɗaya a haɗa shi da abokin tafiya ƙaƙƙarfa, wanda ya san shi ne nauyinsa. A amince da alama ɗaya ta gani, kamar ɗaga jan ƙyalle, da gida mafi kusa da za a shiga. A gwada sau ɗaya a wata. Ranar da gari ba lafiya, a ɗage zama, babu jayayya.

Koya wa kowa abin yi in farfaɗiya ta kama wani. A kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. Kada a danne shi, kada a cusa masa komai a baki. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta miyau. In ta wuce minti biyar, sai asibiti. Haka wanda ya sha maganin kuturta ba ya yaɗa ta, a ci tare, a sha tare.

12. Kuɗi kaɗan, lissafi a fili

Ko naira 100 a mako ta isa farawa. Wanda ba shi da ita ya share fili ko ya ɗebo ruwa. Ma'aji daban, mai rubutu daban, a karanta lissafi a gaban kowa ƙarshen wata. Kada ka fara da rabon shinkafa. Wanda ya zo don buhu, ranar da babu buhu ba za ka gan shi ba.

In zama ya kankama, manya su fara adashi, a sayi kayan gyaran keke. A Kano, ƙungiyar waɗanda shan-inna ta taɓa, ƙarƙashin Aminu Ahmad Tudun Wada, ta daɗe tana ƙera kekunan guragu da hannunta tana sayarwa. Abin da aka yi a Kano, mai waldan Isa ma zai iya koya.

13. Bayan wata shida, ƙwanƙwasa ƙofar hukuma

Yanzu kana da littafin sunaye da tarihin zama. Yi rajista a sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma. Nemi reshen jihar Sakkwato na haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, wato JONAPWD. Ka san kuma doka na bayanka: a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna musu wariya, wadda ta wajabta gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga, ta kuma ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Haƙƙi kake nema, shiga da kai a sama.

Sa ranar 3 ga Disamba a gaba, ranar masu buƙata ta musamman ta duniya. An gama girbi, sanyi ya fara sauka. Shirya gasar dara da ƙwallon ƙararrawa, gayyaci hakimi ya miƙa kyauta, ko da sabulu ne da turmin atamfa.

Mutum shida da tabarma biyu sun isa zaman farko. Sannu ba ta hana zuwa. Daren yau ka rubuta sunayen gida ukun nan, gobe da ka karya kumallo ka je ka yi sallama.